Kwana Arba'in da Bakwai na Madugu Yimam

Baso, 6 ga Muharram, 1259

Zuwa ga matata Lubaba,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan kina lafiya, ke da 'yarmu Zamzam da haƙoran nan nata da suka hana ku sakat. Yaya idanun Baba? Ki ci gaba da dafa masa gahawa da kanki, kin san ba ya shan ta kowa. Ni lafiyata ƙalau, in ban da ƙuguna da alfadari ya kusa raba ni da shi. Shekara talatin ina zaune a kan buzu a Gondar ina karatu, yau ga ni a hanyar fatake kamar kazar da aka ɗaure a kan kaya.

Mun iso kasuwar Baso shekaranjiya, gobe da yardar Allah za mu haye kogin Abbai. Baturen nan namu Iliyasu, wanda yaran unguwa suka raɗa wa Mai-tambaya, yana nan yadda kika san shi. Bai ga tsuntsu ba sai ya ce, "Amade, yaya ake ce masa da Amharanci? Da Oromanci fa?" Jiya ya tsare wata tsohuwa mai sayar da barkono har ta ce mini, "Ɗana, shi wannan jan mutumin saye zai yi ko aurena yake nema?" Ina jin daɗin aikin, ban ɓoye miki ba. Mutum ya taso daga bayan teku don ya rubuta sunayen kogunanmu da harsunanmu, ni kuma ni ne bakinsa da kunnensa.

Amma ba don wannan na ɗauki alƙalami ba. Kin tambaye ni sau uku abin da ya sa Baba bai sa mini albarka ba ranar da muka taso, na yi ta kwana-kwana. To ga shi.

Kin san Bature ya yi mako uku yana zuwa zauren Baba yana rubuta hanyar kudu daga bakinsa, zango bayan zango. Ran ƙarshe fatake sun cika zauren. Ya tambayi Baba kwana nawa ne daga Abbai zuwa birnin Saka, Baba ya ce arba'in da bakwai. Sai Siraju, ɗan saurayin nan mai rawanin alharini, ya ce, "Haba Madugu, ai sha huɗu ne, manzannin sarki ma ba sa cika sha huɗun." Bature ya shimfiɗa takardarsa, ya auna tafiyar yini arba'in da bakwai da ɗan ƙarfen awonsa, sai ga Saka ta fita daga takardar ta faɗa kan tabarma. Ya yi dariya, ya ce da Larabci, "Gaya wa tsoho ko dai ya manta, ko kuma maƙaryaci ne. Na ɓata mako uku."

Lubaba, ni na juya maganar. Ina da ikon in tausasa ta, in ce Bature yana neman ƙarin bayani. Ban yi ba. Na faɗe ta yadda take a gaban mutane, har da ɗan murmushi, don Bature ya ga ni mai ilimi ne ba irin su ba. Zaure ya ɗauki dariya. Mutumin da ya ja ayari shekara arba'in bai taɓa ɓatar da ko jaki ba! Ni ya juyo wa da idanun nan nasa da ba sa gani sosai, ya ce, "Malam Amade, je ka ƙirga." Malam fa ya ce mini.

Siraju ne jagoranmu yanzu. Ni dai daga gobe da za mu haye Abbai zan riƙa ƙulla gezar mayafina kowace safiya, ƙulli ɗaya kwana ɗaya. Gaskiya ina tsoron abin da zan samu, domin har yanzu zuciyata tana ce mini tsufa ne ya kama Baba.

Ki gaida shi, ko da ba zai amsa ba.

Naki har kullum,
Amade


Guduru, 22 ga Muharram

Zuwa ga Lubaba, sanyin idona,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya yi kewa. Ina fata ruwan sanyin Gondar bai sa wa Zamzam mura ba, kuma Baba yana cin abinci. Wannan takarda za ta zo miki ta hannun masu gahawa da ke komawa arewa.

Mun haye Abbai lafiya a kan salkunan da aka hura, masu iyo suna tura mu suna ihu don kada. Ban buɗe ido ba sai da na ji ƙasa, kada ki gaya wa kowa.

Yau ƙulli sha shida a mayafina. In da maganar Siraju gaskiya ce, da tun shekaranjiya muna Saka muna shan zuma. To ko rubu'in hanya ba mu yi ba. Bari ki ji.

Kwana biyu da hayewa muka isa gidan wani tsoho Ba'orome mai suna Tufa Boru, wanda ƙasar ke jin maganarsa. Siraju ya ce mu sha ruwa mu wuce. Tufa ya ce, "Ku wuce ina? Yau ba kasuwa." Siraju ya ce shi ba sayayya ya zo yi ba. Muka ɗaura kaya muka kama hanya, Bature yana ta duba agogonsa yana murna. Ba mu yi tafiyar rabin yini ba sai ga mahaya kusan talatin a bakin wani rafi, riƙe da masu a tsaye, ba mai fara'a ko ɗaya. Wani ya zunguri rawanin Siraju da tsinin mashi ya ɗaga shi sama ya ce, "Ɗan wane ne wannan?" Ni ne na lallaɓa da Oromancin da marigayiya Inna ta shayar da ni, na ce mu baƙin Tufa ne mun yi ɓatan kai. Suka rako mu har ƙofar gidansa kamar awakin da suka shiga gona.

Tufa ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Kai mai rawani, wa ya koya maka fatauci? Tsakanin dangi da dangi a nan hanya rufe take, sai ranar kasuwa. Ran nan mata ke gaba da ƙwaryar man shanu, ba mai ɗaga mashi, baƙo ya bi bayansu ya wuce. In ka isa, ka zauna ka jira kasuwar gaba. Kuma ba a wucewa sai da uba." Ashe shi Siraju bai taɓa haye Abbai ba, a bakin manzanni ya tsinci sha huɗunsa, su kuwa manzanni sandar sarki ce ke buɗe musu hanya.

Da Tufa ya tambayi ɗan wane ne ni na faɗa masa, sai ya miƙe da tsufansa ya kama kaina ya tofa mini albarka. Ya ce, "Ɗan Yimam! Ai jikana ne kai. Ni na ɗaura wa ubanka fata a hannu tun ba shi da gemu." Ya tara mutanensa ya ce su zo su ga ɗan mutumin da bai taɓa faɗin abu ya zama ba haka ba. Lubaba, da ƙasa za ta tsage da na shige.

An mai da Bature ɗan gida shi ma. Aka yanka bunsuru, aka yanko fatar ƙafarsa aka zura masa a wuyan hannu, matan gida suka lafta masa man shanu a ka har yana ɗiga a hanci. Yana zaune yana narkewa a rana, ƙudaje sun yi masa rawani, amma alƙalami na hannunsa: "Amade, tambaye su sunan fatar! Tambaye su wa ke gadon wa!" A kwana bakwai da muka yi muna jiran kasuwa ya cika littafi guda da kalmomi da waƙoƙin shanu. Ya ce bai taɓa ganin mutanen da suka tsara zaman lafiya da yaƙi a kan ranakun mako haka ba. Na ce masa ai kaɗan ya gani.

Ga abin da ya hana ni sukuni. A jerin zangunan da Baba ya ba Bature an rubuta: daga Abbai zuwa fita ƙasar Tufa, kwana tara. Ran da muka fita bayan mata masu man shanu na duba mayafina. Tara cif. Baba bai ce tafiyar kwana tara ba ce, kwanan da ayari ke yi ya faɗa, da tafiyar da zaman, domin shi ne abin da madugu ke auna guzuri da shi. Kowane bafatake na ƙwarai ya san haka, shi ya sa Baba bai ga abin bayani ba. Ni ɗansa da ya ajiye a gida don in yi karatu, ni ne jahilin zauren. Na nuna wa Bature, ya ɗaga kafaɗa ya ce dace ne.

Ki gaya wa Baba Tufa yana raye, yana gaishe shi. Kada ki ƙara komai a kai.

Mijinki,
Amade


Lagamara, 9 ga Safar

Zuwa ga Lubaba,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta same ni ta hannun manzo, na karanta ta har ta fara yagewa a lanƙwasa. Na gode Allah da haƙoran Zamzam suka fito. Kin ce da kika isar da gaisuwar Tufa, can da la'asar kika ji Baba yana cewa shi kaɗai, "Yau suna bakin rafin jan ruwa." Wallahi ranar muna can. Na ajiye takardar na fita bayan alfadarai don kada a ga fuskata.

Yau ƙulli talatin da uku, kuma duk inda jerin Baba ya ce za mu kwana, nan muke kwana. Yanzu kowace safiya ni ke gaya wa Bature abin da za mu tarar: kogi mai gangarawa hannun hagu, dutse mai kai biyu, garin da magana ke sauya launi har gaisuwarsu ta bambanta. Ya fito da allurarsa mai nuna arewa ya duba, ya rubuta. Jerin da ya ja wa layi a Gondar shi ne yanzu a aljihunsa na ƙirji. Siraju kuwa ya koma kula da alfadarai, rawanin ma ya naɗe shi ya sa a jaka.

Amma akwai mummunan labari, kuma raina a ɓace yake har yanzu. Na ce wa Bature tunda ido ya gani, ya goge abin da na ga ya rubuta a kan Baba ranar dariyar zaure. Sai ya yi ta murza gemu. Ashe littafin da ya rubuta a Gondar ya riga ya aika da shi Masawa tun kafin mu taso, yanzu yana kan teku. A ƙasarsu za a buga shi ɗari-ɗari, malamansu su karanta. Na ce, "Da sunansa a ciki?" Ya ce da sunansa. Na ce, "Me ka rubuta?" Ya ce ya rubuta cewa tsohon madugu ne da ba a dogara da maganarsa.

Lubaba, dariyar zaure kwana nawa ce, za a manta. Amma wannan, bayan mu da jikokinmu mun zama ƙasa, wani a bayan teku zai buɗe littafi ya ga Baba maƙaryaci. Kuma ta bakina aka bi.

Na ce masa, "Iliyasu, ka zo ƙasarmu ba ka san sunan ruwa ba. Muka ba ka kogunanmu ɗaya-ɗaya, muka ba ka harshen iyayenmu mata, ladan ke nan?" Ya ce shi mai bincike ne, ba ya sauya rubutu don wani ya ji daɗi, sai hujja ta cika. Na ce to madalla, ni ma bakina ba ya buɗewa sai hujja ta cika. Kwana uku ban juya masa ko kalma ɗaya ba. Ki zo ki ga Mai-tambaya ba mai amsawa! Ya je neman ƙwai da hannu da kukan kaza, matan gari suka ɗauka taɓin hankali ne suka kawo masa mai magani. A rana ta uku ya zo ya zauna kusa da ni a ƙasa, ba a kan kujerarsa ba. Ya ce, "Amade, saura kwana sha huɗu a lissafin mahaifinka. In muka shiga Saka ran arba'in da bakwai, zan rubuta da hannuna cewa ni ne na yi kuskure, in aika a buga. In ba haka ba, ba zan rubuta ba." Na ce na yarda. Ban san inda na samo ƙarfin zuciyar ba, amma ko ɗar ban ji ba.

Ki yi mana addu'a, ki sa Zamzam ta ce amin ko da gwalantu ne.

Naki,
Amade


Saka, 26 ga Safar

Zuwa ga mahaifina, Madugu,

Bayan durƙuso da gaisuwar ɗa ga uba, ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya haskaka idanunka. Na roƙi Lubaba ta karanta maka wannan a zaure, ranar da fatake suka taru, in ka yarda. In ba ka yarda ba ta karanta maka kai kaɗai.

Baba, ka ce in je in ƙirga. Na ƙirga.

Ran ƙulli na arba'in da shida, da hantsi, muka hango ƙofar ƙasar Limmu, Saka kuwa tana bayanta kaɗan. Siraju ya matso yana washe baki ya ce, "Malam, tsoho ya yi ƙoƙari, amma ya zarce da ɗaya." Bature ya ƙara wa alfadarinsa sauri. Muka isa ƙofa rana ba ta yi tsaka ba. Mai tsaron ƙofa, wani ƙato mai ido ɗaya, ya gitta mashinsa ya ce, "Ina za ku da zafin rana kamar masu bin ɓarawo? Baƙo ba ya shiga ran da ya zo. Ku sauke kaya, mahayi ya kai wa sarki labari, gobe in an buga ganga ku shiga." Bature ya roƙa, ya nuna fatar hannunsa, ya ce yana sauri. Mutumin ya ce, "Ko ubana ne ya zo yau, gobe zai shiga." Na zauna a kan kaya ina dariya ina share hawaye, har mai ƙofa ya tambaya ko rana ce ta taɓa ni. Har wannan kwanan na bakin ƙofa ka sa a lissafinka, Baba.

Da safe aka buga ganga, na ƙulla na arba'in da bakwai, muka shiga.

Iliyasu ya cika alkawari, wannan kam na shaide shi. Ran nan bai ko zaga kasuwa ba. Ya zauna ya cire kwanakin zama daga jerinka, ya bar na tafiya, ya auna, sai ga Saka ta zauna daram a inda awon tsayin rana da ya yi ya nuna, kogunanka duk kowanne a gefen da ka ce. Ya riƙe kai ya ce, "Wata uku ina yawo da taswira a aljihu ban sani ba." Ya rubuta takarda biyu iri ɗaya, ɗaya za ta bi ta Masawa ɗaya ta Zaila, don ko ɗaya ta ɓata ɗaya ta isa. Ya karanta mini da Larabci, na sa ya maimaita. Ya ce shi ne bai san tambaya ba, ba kai ne ba ka san amsa ba. Ya ce duk abin da malaman ƙasarsu za su sani game da hanyar kudu daga bakinka ya fito, kuma a cikin duk wanda ya tambaya a ƙasar Habasha bai ga mai ƙididdiga irin taka ba.

Sannan ya ce in faɗa masa cikakken sunanka zai rubuta a saman taswirar, sama da nasa. Ka gafarce ni, ban taɓa kiran sunanka da bakina ba sai ranar. Na miƙe tsaye a tsakiyar masauki, gaban fataken Gondar da na Harar da na Kafa, na ce Madugu Yimam ɗan Abagaz ɗan Nuru, na unguwar Addis Alam a Gondar. Wani tsoho mai sayar da turaren juda ya ce, "Yimam na Gondar? Yana raye?" Kafin la'asar mutum goma sha ɗaya sun zo gaishe ni saboda kai. Ban taɓa jin tsawona kamar na ranar ba.

Bature ya wanke nasa laifin da tawada. Nawa tawada ba ta wanke shi, domin shi baƙo ne bai san ka ba, ni kuwa a bayanka na girma. Ya tambaye ni yadda ake neman gafara a wurinmu, don ya rubuta a littafinsa na al'adu. Na ce masa mai laifi yakan ɗora dutse a wuyansa, ya durƙusa a ƙofar wanda ya ɓata wa, ba ya tashi sai an sauke masa. Ya ajiye alƙalamin ya ce shi ma zai ɗauka.

Jiya muka gangara kogin Gibe, kowa ya zaɓi nasa. Nawa ya fi nasa girma, haka ya kamata. Ba zan ɗora shi a kan alfadari ba, a kafaɗata zai zo. Za mu taso bayan kasuwa biyu, ran Alhamis. Ba sai na gaya maka ranar da zan iso ƙofarka ba, Baba, ka fi ni sani. In ka ga dama ka sauke mini, in ka ga dama ka bar ni da shi har magariba, duk na ɗauka. Abu ɗaya nake roƙo: in za ka yi mini magana, kada ka ce Malam.

Ɗanka,
Amade